Neman shawara: ƙara faifan ajiya na biyu a kwamfutar tebur

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwamfutar tebur da nake tace hotuna da gajerun bidiyo da ita, kuma ma'ajiyar da ke cikinta SSD ne, wato ma'ajiya mai sauri marar abin da ke juyawa a ciki, guda ɗaya mai gigabait 256, wanda Windows da manhajojin aikina suka riga suka cinye fiye da rabinsa. Yanzu layin da ke nuna cikarsa ya koma ja, har ta kai ba na iya fara sabon aiki sai na goge wani tsoho. Na yi niyyar ƙara faifai mai juyawa, wanda masu gyara ke kira had-disk, mai terabait 4, ba tare da na cire SSD ɗin ba. Abin da nake so in sani shi ne, shin sai na sake saka Windows idan na ƙara shi, kuma shin wutar kwamfutar za ta ɗauki faifai biyu? Ban taɓa buɗe akwatin kwamfuta da hannuna ba, don haka ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla.

MaiGyara_01:
Wa alaikumus salam Malam. Ba sai ka sake saka Windows ba, domin sabon faifan zai zauna ne a matsayin wurin ajiya kawai, SSD ɗinka kuma ya ci gaba da tayar da kwamfutar kamar yadda ya saba. Amma kafin ka sayi komai, ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar da ke ciki ta fita, sannan ka cire murfin gefe ka duba abubuwa uku. Na farko, kafar SATA, inda ake soka wayar bayanai ta faifai, da babu kowa a cikinta a kan babban allon, wato madabod. Ƙarama ce, kuma idan ka leƙa cikinta za ka ga harshe mai siffar harafin L. Na biyu, kan wayar wuta ta SATA da ke fitowa daga akwatin wuta, wadda ta yi kama da ta farko amma ta fi ta faɗi, domin tana da haƙora 15 ita kuwa ta bayanai 7 gare ta. Na uku, gurbin da faifai mai inci 3.5 zai zauna, wanda yawanci yake ƙasa ta gaban akwatin, kusa da fanka. Idan ukun nan sun samu, aikin ba zai wuce minti ashirin ba. Kafin ka kai hannu ciki ka taɓa ƙarfen akwatin, saboda wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya lalata ƙananan kayan da ke kan allo, kuma ka riƙe faifan ta gefensa, kada ka ɗora yatsa a kan koren allon da ke ƙarƙashinsa.

Ummu_Khalil:
Ƙari a kan bayanin MaiGyara_01, yawancin faifan da ake sayarwa shi kaɗai ba ya zuwa da wayar bayanai ko notuna. Wayar tana zuwa ne a kwalin madabod, don haka wanda ya sayi kwamfutarsa a haɗe sai ya nemi tasa daban. Na fi son mai ɗan maƙulli na ƙarfe a kai, domin ba ta sassautawa. Haka kuma notin da ke ɗaure faifai mai inci 3.5 ya fi na mai inci 2.5 kauri, kuma zarensu ba ɗaya ba ne, saboda haka idan noti ya ƙi shiga kada a matsa masa.

Dan_Fasaha:
Ni dai shawarata ita ce kada ka sayi faifai mai juyawa kwata-kwata. SSD na SATA yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, shi kuwa mai juyawa da ƙyar yake wuce 200, kuma ga ƙara ga zafi ga rashin juriyar girgiza. Mai aikin bidiyo ya fi kowa buƙatar sauri. Ka sayi SSD mai terabait 1 ko 2 ka huta.

Tsohon_Hannu:
Ɗan'uwa Dan_Fasaha, lissafinka na sauri daidai ne, amma ina ganin ba saurin ne ya dami mai tambaya ba, wuri ne ya ƙare masa. A kan kowane terabait, faifai mai juyawa ya fi SSD sauƙi nesa ba kusa ba, kuma aikin da aka gama aka ajiye ba ya buƙatar saurin da aikin da ake kan yi yake buƙata. Tsarin da na daɗe ina bi shi ne, aikin da ke hannuna yana kan SSD, da zarar na kammala shi sai in kwashe shi zuwa babban faifai. Bidiyon da aka riga aka tace ana kallonsa daga faifai mai juyi 5400 a minti ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba, balle mai juyi 7200. Inda bambancin yake fitowa fili shi ne wajen buɗe dubban ƙananan fayiloli, domin a nan sai hannun da ke karatu ya yi ta zirga-zirga a kan faifan, shi ya sa ba a son ɗora Windows a kansa.

Kuma Malam Abu_Hafsat ya kwantar da hankalinsa game da wahalar aikin. Mu da muka fara a zamanin IDE, tsarin haɗa faifai da ya gabaci SATA, da faffaɗar waya mai ramuka 40 muke fama, faifai biyu a kan waya ɗaya, kuma sai ka matsar da ɗan ƙaramin maɓalli a bayan kowanne domin a san na farko da na biyu, in ka yi kuskure kwamfutar ba za ta ga ko ɗaya ba. A SATA kowane faifai da wayarsa, kuma wayar ba ta shiga a juye.

Binta_Zane:
Me zai hana a sayi na waje mai shiga ta USB? Ni ma na ji tsoron buɗe akwati, sai na bi wannan hanyar, kuma tana yi mini aiki. USB 3.0 yana ɗaukar gigabit 5 a daƙiƙa, wanda ya fi ƙarfin duk wani faifai mai juyawa guda ɗaya, don haka ba a yin asarar sauri sosai.

MaiGyara_01:
Malama Binta_Zane, hanyarki tana da kyau ga wanda yake yawo da fayilolinsa, amma ga abin da za a yi amfani da shi kullum na fi son na ciki. Na waje yana zaune a kan tebur, ana iya ture shi yana cikin juyawa, wayarsa tana iya motsawa ana tsakiyar kwafi, kuma harafin da Windows ke kiransa da shi, kamar C ko D, yana iya canzawa idan aka soka wani abu kafin shi, sai manhajar tace bidiyo ta ce ba ta ga fayilolinta ba. Yawancin faifan waje da aka kawo mini a mace faɗuwa ce ta kashe su.

Injiniya_M:
Ba a amsa tambayar wuta ba tukuna. Faifai mai inci 3.5 yana amfani da layin bolt 12 wajen juya injinsa da layin bolt 5 wajen allonsa. Idan yana aiki ba ya cin fiye da wat 5 zuwa 10, sai dai a daƙiƙun farko na tashi yana iya jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12, wato wat 25 ko kusa da haka. Akwatin wuta mai lafiya ba zai ji ƙarin faifai ɗaya ba. Haɗarin yana wajen wayoyi ne, kuma ina so a kula da abu biyu. Idan akwatin wutarka irin wanda ake cire wayoyinsa ne a mayar, kada ka ari wayar wani akwatin ka soka, ko da kanta ya shiga daidai, domin kamfanoni ba su daidaita jerin wayoyin ta ɓangaren akwatin ba, kuma bolt 12 yana iya faɗawa inda ake jiran bolt 5, faifan ya ƙone nan take. Abu na biyu shi ne 'yar wayar nan da ke juya tsohon kan Molex mai ramuka huɗu zuwa SATA. Masu araha daga cikinsu, waɗanda aka narka roba a kan wayoyinsu, an san su da haɗuwa ta ciki su kama wuta. Na taɓa buɗe kwamfutar da irin wannan ta narke a cikinta, robar ta yi baƙi ta manne da bayan faifan, ƙaurin kuma ya kwana biyu bai bar ɗakin ba. Idan babu kan SATA da ya rage, mai raba SATA ɗaya zuwa biyu mai inganci ya fi aminci.

Gwani77:
Ku lura fa, terabait 4 ba zai yi aiki ba sai kwamfutar tana da UEFI, wato sabon tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, wanda ya gaji BIOS. Idan tsohon BIOS gare ta, terabait 2 kawai za ta gani.

Injiniya_M:
Malam Gwani77, a nan an haɗa magana biyu da ya kamata a raba. Iyakar terabait 2 ba daga BIOS take ba a wannan yanayin, daga tsarin rabon faifai na MBR take, wanda yake ƙirga gidajen faifai da lamba mai bit 32, kowane gida kuma bait 512, sai lissafin ya tsaya a gigabait 2048. Sabon tsarin rabo na GPT ba shi da wannan iyakar. UEFI yana zama dole ne idan ana so Windows ta tashi daga faifan GPT. Amma faifan da aka ƙara domin ajiya kawai, Windows tana karanta shi a GPT tun daga Vista, ko da kwamfutar tana tashi da tsohon BIOS.

Gwani77:
Na karɓi gyara, na gode. Abin da ya faru da ni ke nan ashe, domin na zaɓi MBR a lokacin, sai wani babban yanki ya zauna baƙi ban iya yin komai da shi ba.

Abu_Hafsat:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Tsohon_Hannu na sayi mai juyawa, na ɗaure shi da notuna huɗu, na soka wayoyin biyu kamar yadda MaiGyara_01 ya bayyana. Da na kunna, na ɗora hannu a kansa na ji yana ɗan rawa, alamar yana juyawa. Amma da na buɗe wurin da ake ganin faya-fayai a Windows, C kawai nake gani. Shin faifan ne ba shi da lafiya?

Ummu_Khalil:
Kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Sabon faifai ba ya bayyana a nan sai an shirya shi. Ka danna maɓallin Start da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Disk Management, ka gaya mana abin da ka gani.

Abu_Hafsat:
Na shiga, amma Disk 0 kawai ke nan, wato SSD ɗina. Na sake kunna kwamfutar na shiga BIOS, a can ma ba a lissafa sabon ba.

MaiGyara_01:
To, tun da yana juyawa wuta tana isa gare shi, matsalar tana hanyar bayanai. Ka fara da sake danna wayar a ɓangarorin biyu har ka ji ta zauna. Idan bai bayyana ba, ina da tambaya: SSD ɗinka mai waya ne, ko kuwa irin siririn nan ne na M.2 da ke kwance a kan madabod da noti ɗaya? Dalilin tambayar shi ne, a alluna da yawa gurbin M.2 yana raba hanya da ɗaya ko biyu daga cikin kafofin SATA, idan aka sa wani abu a gurbin sai waɗannan kafofin su daina aiki. Littafin madabod yana faɗin waɗanda abin ya shafa, sau da yawa a ƙaramin rubutu a ƙarƙashin jadawali. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kashe kwamfutar ka mayar da wayar wata kafar.

Abu_Hafsat:
Malam, ka gano ta. SSD ɗin M.2 ne, kuma da na mayar da wayar kafa ta gaba sai BIOS ya nuna sunan faifan. Da na shiga Disk Management sai wani akwati ya fito yana tambayar MBR ko GPT, na zaɓi GPT saboda bayanin Injiniya_M. Sai dai yanzu yana nuna gigabait 3726 ne, ba 4000 ba. Ina ragowar ta tafi?

Dalibar_Lissafi:
Babu abin da ya ɓata, bambancin ƙirga ne. Masu ƙera faifai suna ɗaukar kilobait a matsayin bait 1000, haka har zuwa terabait, don haka terabait 4 a wurinsu bait tiriliyan 4 ne. Windows kuma tana ƙirgawa da 1024 a kowane mataki. Idan ka raba tiriliyan 4 da 1024 sau uku za ka sami kusan abin da ka gani, kuma bayan an gama shirya shi za ta rubuta maka terabait 3.63. Da wannan lissafin ne mai terabait 1 yake fitowa gigabait 931. Da a ce ka zaɓi MBR, da ka ga yanki biyu, ɗaya 2048 ɗaya kuma 1678, na biyun shi ne baƙin yankin da Gwani77 ya ambata.

MaiGyara_01:
Saura mataki ɗaya. Ka danna baƙin yankin da dama, ka zaɓi New Simple Volume, ka ba shi harafi kamar D, ka bar tsarin fayil a NTFS. Kada ka zaɓi FAT32 a ko'ina, domin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kai kuma mai bidiyo ne. Ka tabbatar sau biyu cewa sabon faifan kake dannawa ba Disk 0 ba. Wajen fomat, wato shirya faifan domin ajiya, mai sauri ya wadatar, cikin daƙiƙu zai gama.

Tsohon_Hannu:
A nan na ɗan saɓa da MaiGyara_01. Ga sabon faifai na fi son a cire alamar fomat mai sauri a bar shi ya yi cikakke. Tun daga Windows Vista, cikakken fomat yana rubuta sifili a kowane gida na faifan daga farko har ƙarshe, wanda ke nufin an gwada ko'ina kafin a ɗora masa amana. A terabait 4 zai ɗauki awa bakwai ko takwas, sai a bar shi ya kwana yana yi. Faifan da ya sha wuya a hanya kafin ya iso hannunka, gara ya nuna halinsa yanzu da yake fanko kuma ana iya mayar da shi. Bayan ya gama, ka sauke manhajar CrystalDiskInfo ka duba bayanan SMART da faifan yake ajiyewa game da kansa. Layin 05 yana ƙirga gidajen da suka lalace aka musanya su, layin C5 kuma waɗanda ake shakkarsu, dukansu ya kamata su zama sifili. Layin 09 yana nuna awannin da faifan ya yi a kunne, kuma da shi ake gane tsohon da aka goge aka sayar a matsayin sabo, ko da yake akwai masu iya share wannan lambar ma.

MaiGyara_01:
Ban ƙi wannan ba, sai dai sharaɗinsa wutar lantarki ta tsaya har ya gama, in ba haka ba a sake daga farko. Wanda yake da hali ya yi cikakken.

Injiniya_M:
Akwai abin da ya kamata mu tambaya tun kafin a saya, amma har yanzu saninsa yana da amfani: faifan CMR ne ko SMR? A CMR kowane layin rubutu yana zaune daban a kan faifan, a SMR kuwa ana jera layukan rubutu suna hawa gefen juna kamar jinka, domin a sami ƙarin wuri, sakamakon haka idan za a canza layi ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa. Faifan yana ɓoye wannan da wani yanki na wucin gadi, amma idan aka daɗe ana zuba masa bayanai yankin ya cika, sai saurin ya faɗi ƙasa warwas. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano cewa wasu faya-fayan WD Red na kamfanin Western Digital masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne ba tare da an bayyana ba, daga baya Western Digital ta ware masu CMR da sunan Red Plus. Yanzu manyan masu ƙera faifan uku, wato Seagate da Western Digital da Toshiba, suna bayyana nau'in a takardun bayanansu, sai mutum ya nemi lambar samfurin da ke jikin nasa. Ga ajiyar ayyukan da aka gama, SMR ba laifi ba ne. Idan dai ka ga kwafin farko ya fara da gudu sannan ya koma tafiyar hawainiya, kada ka ɗauka faifan ya lalace.

Hajiya_MaiHoto:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma akwai abin da nake so in faɗa wa Abu_Hafsat domin na ɗanɗana shi. Shekarun baya na ƙara babban faifai kamar yadda ka yi, na kwashe hotunan aikina na shekara shida na zuba a ciki, na goge su daga duk inda suke a warwatse, ina murna na tattara komai wuri ɗaya. Wata safiya na kunna kwamfuta sai na ji faifan yana ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Harafin D bai ƙara fitowa ba. A cikin hotunan akwai na mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda iyalansu suka dawo suna nema ban iya ba su ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Idan ka kwashe fayil daga SSD zuwa sabon faifai ka goge na farko, kwafi ɗaya gare ka kamar dā, wurin zamansa kawai ya canza. Ƙa'idar da na koya bayan nan ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri daban da inda kwamfutar take. A nan ne faifan waje da Binta_Zane ta ambata yake da babban amfani: a soka shi, a yi kwafi, a zare shi a ajiye.

Gwani77:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Shin idan ya sayi faifai na biyu ya haɗa su a RAID 1, ba a magance wannan ba?

Injiniya_M:
An magance mutuwar faifai ɗaya kawai. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu a lokaci guda, don haka fayil ɗin da ka goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun, wanda ƙwayar cuta ta kulle ya kullu a duka biyun, kuma wutar da ta yi tsalle ta ƙona ɗaya tana iya ƙona ɗayan tun da akwatin wuta ɗaya suke sha. Kwafin da aka zare aka ajiye a gefe ne kaɗai waɗannan ba sa kaiwa gare shi.

Dan_Fasaha:
Labarin Hajiya ya ƙara mini ƙarfi a kan ra'ayina, domin SSD ba shi da hannu ko injin da zai karye.

Hajiya_MaiHoto:
Ɗana, shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba ya yin ƙara ko wata alama kafin ya tafi. Ban ce a guji mai juyawa ba, har yanzu da shi nake aiki.

Abu_Hafsat:
Cikakken fomat ya gama da asuba, layin 05 da C5 duk sifili ne, zafinsa kuma digiri 36 yake nunawa. Na duba lambar samfurin na ga CMR ne. Na fara kwashe tsofaffin ayyuka, amma saboda maganar Hajiya ban goge na kan SSD ba sai na sami faifan waje. Tambayata ta ƙarshe ita ce, yaya zan sa abin da nake saukewa daga intanet ya riƙa tafiya D kai tsaye, domin na ga har yanzu C yake cikawa?

Ummu_Khalil:
Ka fara buɗe sabuwar folda a D ka sa mata suna. Sannan ka danna foldar Downloads da dama, ka shiga Properties, ka zaɓi shafin Location, ka danna Move, ka nuna mata sabuwar foldar, kuma idan ta tambaye ka ko ta kwashe abin da ke ciki ka amsa da e. Haka za ka yi wa Pictures da Videos, kowacce da tata foldar. Ka kula kada ka nuna mata D ɗin kansa ba tare da folda ba, domin warware wannan kuskuren yana da wahala. Manhajar tace bidiyonka kuma ka bar ma'ajiyarta ta wucin gadi a kan SSD, amma ka shiga saitinta ka rage girman da aka yarda ta ci, domin ina kyautata zaton ita ce ta cinye maka mafi yawan wurin tun farko.